Sanyin Randa, Sanyin Firiza

A azumin 2024, wanda ya faɗo tsakiyar bazara, mun koyi gane ƙarfe biyar na yamma ba tare da duba agogo ba. Da an sauko daga sallar la'asar da kamar awa ɗaya, sai mu fara jin ƙarar kwanoni a zaure. Yaran unguwa ne, kowa da ɗan kwanonsa na silba ko kofin roba, saƙonsu kuma iri ɗaya: "Wai an ce a taimaka da ƙanƙara." Ranar farko su uku ne. Kafin sati ya zagayo sun cika zauren, har da waɗanda ba mu san 'ya'yan wane gida ba ne.

Ba don ƙanƙara muka sa sola a gidanmu na Bakori ba. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, masu ba mu aiki suna Legas da Abuja, kuma babu ruwansu da cewa an ɗauke wuta a kudancin Katsina. Shi ya sa muka tara kuɗi muka jera faranti a kan rufi, muka sayi batura da inbata. Da muka ga rana tana ba mu fiye da abin da kwamfutoci biyu da fanka ke ci, sai muka ƙara da firiza. Daga ranar gidanmu ya zama gida mai sanyi a unguwar da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Tare da firizar wata tambaya ta shigo gidan, wadda karatun kimiyyar kwamfuta bai tanadi amsarta ba: wanda ya mallaki sanyi a lokacin zafi, me ke kansa?

Da farko ko tambaya ba mu ɗauke ta ba. Muka ce a ba kowa. Tarbiyyar da muka tashi da ita ke nan. Ƙanƙarar farko da yawancinmu muka taɓa sawa a baki daga sama ta faɗo, a hadarin farkon damina, tana dukan kwanon rufi kamar ana jifa, mu yara muna tsinta muna tsotsa, manya kuma suna salati saboda shukar da ta fara tsiro. Ba ta da mai ita. Sanyin yau da kullum kuwa na randa ne. Randar zauren kakanmu a kan jiƙaƙƙen yashi take zaune, an rufe ta da faifai, moɗa a kife a kai. Mai dawowa daga gona, da almajiri, da Bafulatanar da ta sauke ƙwarya ta huta, kowa ya ɗiba ya sha ya yi hamdala ya wuce. Ba mu taɓa jin an ce "sanyin wane" ba. Harshenmu ma ya ajiye sanyi a wurin alheri: ɗa nagari sanyin ido ne, mai haƙuri mai sanyin hali ne, wanda aka yi wa albishir kuma ya ji sanyi a ransa.

Kwana huɗu muna rabo muna jin daɗin kanmu. A na biyar wata maƙwabciya ta shigo wurin Hajiyarmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma zoɓo da kunun aya ne ke riƙe da gidan. Kullum ɗan acaɓa ke kawo mata ƙanƙara daga Funtua cikin buhu, kusan rabinta ta tsiyaye a hanya, ta fasa sauran a kula, 'yarta ta zaga da shi kafin magariba. Ribar watan azumi ita ce kayan sallar yaran da kuɗin makarantarsu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Yaya, ba ƙorafi na zo yi ba. Allah ya saka wa yaran nan da alheri, sun taimaki jama'a. Sai dai kwana huɗu ke nan kular yarinyata na dawowa yadda ta fita." Ashe masu sayen zoɓonta sanyin suke saye. Zoɓo kowace mace ta iya dafawa. Da suka sami ƙanƙara kyauta, sai kowa ya dafa nasa.

Daren nan bayan tarawihi an yi musu a tsakar gidanmu. Yayanmu, wanda fataucin masara ne sana'arsa, ya ce maganar a fili take: a sa wa ƙanƙarar kuɗi daidai da na kasuwa, ciniki halal ne, kuma batir ba ganyen bishiya ba ne, ranar da ya mutu kuɗi zai ci. Hajiya ta ce, "A gidan nan ba za a sayar wa maƙwabci ruwa ba, ko da ya daskare." Mu da muka jawo abin muka yi shiru, don kowannensu ya faɗi gaskiya, gaskiyar kuma ta ƙi zama wuri ɗaya.

Abin da muka koya a gaban malamai ya ba kowa hujja. Ruwan da mutum ya ɗebo da ƙarfinsa ya zuba a mazubinsa mallakarsa ne, yana iya sayarwa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ɗan garuwa haram yake ci. A ɗaya ɓangaren an hana mutum riƙe rarar ruwa alhali wani na fama da ƙishi, kuma mun san labarin Sa'adu ɗan Ubada, da ya nemi sanin sadakar da ta fi domin mahaifiyarsa da ta rasu, aka nuna masa shayar da ruwa. Duk wannan a kan ruwa ne. To, sanyin fa? Mai azumi ba zai mutu don ya sha ruwan da ba shi da ƙanƙara ba. Idan sanyi marmari ne, kamar nama a miya, yayanmu ya yi gaskiya. Idan kuwa wani yanki ne na kashe ƙishi, Hajiya ce a kan hanya.

Yayanmu bai sani ba, amma tarihi yana bayansa, kuma a ƙasar da ba mu zata ba. Mutanen Japan suna da dangin kayan zaƙi na musamman don lokacin zafinsu, kuma mafi shahara shi ne kakigori, ƙanƙara da ake kankarewa ta yi laushi kamar auduga a zuba mata ruwan zaƙi. Wajen shekara ta 1000, wata mata mai hidima a fadar Kyoto, Sei Shonagon, ta lissafa kankararriyar ƙanƙara da ruwan zaƙi a sabon kwanon ƙarfe cikin abubuwan da take gani na ƙasaita. Ƙasaita ce kuwa. A wancan zamani sai an sare ƙanƙara da hunturu, a binne ta cikin ramuka a duwatsu, a lulluɓe da ciyawa, ta jira watanni. Ƙarnuka bayan haka masu mulkin yankin Kaga suna aika ƙanƙara daga Kanazawa zuwa ga shugaban ƙasar a Edo, wato Tokyo ta yau, tafiyar kusan kilomita 500, mutane ɗauke da ita suna gudu tana narkewa a kafaɗarsu. Waɗanda suka yi gumin ɗaukarta ba su ne masu shanta ba. Talakan Japan bai sa kakigori a baki ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwa suka fara buɗe shagunanta a Yokohama, daga baya injin yin ƙanƙara ya karya farashinta. Haka wani Ba'amurke, Frederic Tudor, ya loda tan 180 na ƙanƙara a jirgin ruwa daga Boston a 1833, wajen tan 100 suka isa Kalkata ta Indiya. Neman riba ne ya sauko da ƙanƙara daga fada zuwa bakin titi. Kyautar sarakuna ba ta taɓa yin wannan aikin ba, domin kyauta kan tsaya ne inda idon mai bayarwa ya tsaya.

Tamu ma can ta tsaya. Da muka zauna muka yi lissafin gaskiya, waɗanda suka fi samun ƙanƙararmu su ne gidajen da suka saba da mu, masu yaran da ba sa jin kunyar shigowa. Tsohon da ke ƙarshen lungu, wanda ba shi da ɗan aike, ko sau ɗaya bai samu ba. 'Yar maƙwabciyarmu kuwa har ƙofar ɗakinsa take kai talla, wani lokaci ta bar masa bashi. Tallan ya fi sadakarmu sanin unguwar.

Amma akwai wani ɓangare na kayan zaƙin Japan da ya fi kama da Hajiya. Tun da talaka ba shi da ƙanƙara, masu sana'ar sai suka koma shayar da ido. Suna da kanten, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, wanda ke daskarewa ba tare da firji ba, zafin rana kuma ba ya narkar da shi. Da shi da jan wake da sukari suke yin mizu yokan, mai santsi da sheƙi kamar an tsamo shi daga rafi. Suna da kuzukiri, sitacin wata saiwa da ake yankawa siri-siri, garau kamar ruwa, a tsoma a baƙin ruwan sukari mai kama da narkakkiyar mazarƙwaila. Warabi mochi kuma garin soyayyen waken suya ake barbaɗa masa, waken nan dai da muke nomawa daga Funtua har Malumfashi muna yin awara da shi. Suna rataye ƙaramar ƙararrawa a bakin taga don ƙararta ta tuna musu iska na kaɗawa, suna yayyafa ruwa a ƙofar gida da yamma, kamar yadda iyayenmu mata ke yayyafa wa tsakar gida kafin a shimfiɗa tabarma. Irin wannan sanyin ba ya ƙarewa don wani ya ɗiba. Mai wucewa ya ji ƙararrawar, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar, bai rage wa mai gida komai ba.

A nan ne ɗan abin da muka karanta ya yi mana amfani. A kimiyya babu wani abu da ake ƙerawa mai suna sanyi. Zafi ne kawai ake kwashewa daga wani wuri a kai wani. Duk wanda ya ɗora kwamfuta a cinya ta yi masa aiki mai nauyi ya san haka: fankar cikinta tana kare injin ne ta hanyar hura wa cinyarsa zafin. Firiza ma haka take. Sa hannu a bayanta za ka ji inda zafin ruwan ya koma, har da ƙarin na wutar da ta ci. Na'urar sanyaya ɗaki tana juye zafin ɗakin mai kuɗi a lungun da talaka ke bi, janareto kuma ya ƙara masa da hayaƙi da ƙara. Manhajojin da muke rubutawa suna zaune ne a manyan rumbunan kwamfutoci a wasu ƙasashe, waɗanda dare da rana ake sanyaya su da wuta da ruwa. Don haka duk inda muka ga sanyi, akwai tambayar da ta dace: zafin wa aka kai wa?

Randa tana da tata amsar. Jikinta na yumɓu yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska ta busar da shi, shi kuma ya tafi da zafin. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi kilojul 334 kafin ya narke. Lita ɗaya ta ruwa kuwa tana kwashe wajen kilojul 2,400 kafin ta bi iska, ninki bakwai ke nan. Shi ya sa randa ta fi sanyi a bazara da hunturu, lokacin da iska ta bushe, ta yi kasala da damina. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa kuma ɗan gidan magina tukwane, ya sa tukunya cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, gautar da kan lalace a kwana 3 ta kai kwana 27, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Randa da ruwan cikinta take biyan kuɗin sanyinta, zafin kuma sama yake yi, ba ya bi ta kan kowa. Iyakarta dai ba za ta taɓa ba ka ƙanƙara ba. Mu kuwa, a faɗi gaskiya, harshenmu ya riga ya saba da abin da ke sa haƙori tsami.

Sadakarmu ta kwana huɗu irin ta firiza ce. A gaba yara na fita da kwanoni suna murna, a baya zafin ya sauka a kan mace mai marayu. Ba mu nufe ta da sharri ba, ko tuna ta ba mu yi ba, kuma rashin tunawar shi ne laifin. Mun so ladan, mun so kuma a ce gidan su wane akwai alheri. Wannan na biyun ba mu faɗa a tsakar gida ba.

Saura batun ko sanyi marmari ne. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin goman ƙarshe na wannan azumin, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masana yanayi da suka bincika sun ce zafin ba zai kai haka ba in ba don hayaƙin da ɗan Adam ya tara a sama ba, hayaƙin da mutanen Sahel kaɗan ƙwarai suka zuba a ciki. A wannan ranar dai hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa naira 225 kowane ma'auni, wata goma bayan cire tallafin fetur ya sa tayar da janareto ya gagari mutane da yawa. Bakori ba ta kai Kayes zafi ba, amma mun ga tsofaffi kwance a zaure an jiƙa musu zani an lulluɓa, mun ga mai ciwon sukari yana neman inda zai ajiye allurarsa kada ta lalace. A wurin saurayi mai lafiya ƙanƙara marmari ce. A wurin waɗannan ta tashi daga marmari. Layin da ke tsakanin buƙata da kwaɗayi ba a dutse aka zana shi ba, yana matsawa da ma'aunin zafi da shekarun mai jin ƙishin, kuma a zamaninmu gefe ɗaya yake ta matsawa.

Akwai kuma abin da ƙanƙara ba ta iya gyarawa, shi ne ya fi ci mana rai. Sarauniyar abin shan bazara a ƙasarmu fura ce. Gero na manomi, da citta da kanumfari da masoro, a daka a dafa a kirɓa a cura. Nono na makiyayi, kindirmo mai kauri ko tsala. A dama da ludayi a sabuwar ƙwarya, a tsarga ruwan randa. Ba gida ɗaya ke yin fura ba. Dole sai rugga ta zo gari, ko gari ya je rugga. Muna yara mun san matan da ke kawo wa gidanmu nono, mun san 'ya'yansu, suna kiran Hajiya da sunan ɗanta na fari, ita ma tana ajiye musu dusa da tsofaffin kaya. Shekarun nan na satar shanu da garkuwa da mutane da ramuwar gayya sun watsa ruggage da yawa a wannan yanki, sun watsa ƙauyukan manoma ma, kuma sun bar zargi tsakanin mutanen da kakanninsu suka sha a moɗa ɗaya. Masu kawo nonon sun ragu. Da yawa daga abin da ake damawa yanzu a garuruwa madarar gari ce ta ƙasashen waje aka kwaɓa aka bari ta yi tsami. Mukan markaɗa ta a inji, mu zuba ƙanƙara har kofin ya yi raɓa. Ta fi ta da sanyi nesa ba kusa ba. Hajiya takan kurɓa sau biyu ta ajiye.

A ƙarshe ba wanda ya ci musun. Mun ba maƙwabciyar rabin firizar, tana daskarar da ruwanta a nan, ta huta da kuɗin acaɓa da asarar hanya. Ta nace sai ta biya wani abu, muka bari, don mun lura ƙin karɓar zai mayar da ita mai karɓar sadaka a sana'ar da take alfahari da ita. Ɗaya rabin kuma na marasa lafiya da tsofaffi ne, ita ce ke faɗa mana gidajen, 'yarta ke kaiwa, ba ko sisi. Yayanmu ya ce mun mayar da abu mai sauƙi mai wuya. Hajiya ta ce har yanzu ruwan gidanta ne ake sayarwa, an dai bi da shi ta ƙofar baya. Ba mu da amsar da za mu ba ta. Kuma akwai gidajen da ba su da mara lafiya, ba su da tsoho, ba su kuma da kuɗin zoɓo, waɗanda suka sha ƙanƙara kwana huɗu sannan aka ce musu babu. Su ma wani zafin ne muka kai musu, kuma mun san fuskokin yaransu.

Ana saura kwana uku salla Hajiya ta aika aka sayo sabuwar randa, aka zuba yashi a gefen zaure aka jiƙa, aka girke ta da faifai da moɗa. Ta sa ƙanenmu cika ta safe da yamma. Yaran da suka zo da kwanoni ranar suka tsaya suna kallonta. Wani ƙarami, bai fi shekara shida ba, ya buɗe faifan ya leƙa, ya zura hannu ya taɓa ruwan, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, ina ƙanƙarar?"